Neman Hannun Baba a Masallacin Agadas

Tun da na dawo daga Agadas ban huta ba. A majalisarmu ta bakin kasuwar Gaya, a makarantar da nake koyarwa, har a zaman makoki, sai wani ya matso ya ce, "Malam Auwalu, wai da gaske hasumiyar nan ƙasa ce zalla?" Wani kuma abin da ya dame shi ko na hau raƙumi. Ban hau ba, jama'a, mota na shiga kamar kowa. Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, kowa ya tafi da nasa yana ƙara masa gishiri, har ya dawo kunnena wai aljani ya mare ni a cikin hasumiya. To ga shi nan daga farko, in ya so a bar ni in sha iska.

Ba yawon buɗe ido ne ya kai ni ba. Hannun mahaifina na je nema.

Babanmu, Malam Isa, magini ne na ginin ƙasa. Yana saurayi azara ta faɗo masa a hannun dama ta datse yatsan da ake sa wa zobe. Duk wanda ya san yaɓe ya san in magini ya shafa ƙasa a bango, yatsunsa kan bar layi huɗu. Na Baba uku ne: layi biyu, giɓi, sai layi ɗaya. Da rani yakan bi 'yan ci-rani arewa ya yi aiki, ya dawo kafin shuka. Wata shekara ya tafi Agadas, zazzaɓi ya kama shi, can Allah ya yi masa rasuwa, can aka binne shi. Wani mai fataucin kanwa ne ya kawo labari. Lokacin ban fi shiga aji biyu ba. Ba shi da hoto ko ɗaya, kuma fuskarsa ta daɗe da ɓace mini.

Abin da ya rage mini shi ne tsohon masallacin unguwarmu a nan Gaya. Yaran yanzu ba su san shi ba, kaico. Ginin tubali ne, bangonsa ya yi kaurin da mutum zai kwanta a kai. Ƙofarsa gajera, sai ka sunkuya. Kana shiga sanyi ya tare ka, ko da kuwa bazara ce, ga ƙanshin ƙasa da makuba, ruwan ɓawon ɗorawar nan da ake shafa wa gini don kada ruwa ya ci shi. Ginshiƙai biyu ne a tsakiya, daga kansu bakan gizo ya tashi ya lanƙwasa ya haɗu a sama, aka jera azara a tsakani kamar saƙar tabarma. Tsofaffi sukan ce kakannin kakanninsu ne suka gina shi, kuma mu Gayawa in aka zo maganar tsufa ba ma raga wa kowa, tunda Kanon ma cewa muke daga wurinmu ta fito. Baba ne ya yi yaɓen ƙarshe na cikin alƙibla. Ina yaro, tsakanin azahar da la'asar in masallaci ya watse, nakan lallaɓa in tsaya inda liman ke tsayawa, in ɗaga hannu in zura yatsuna a cikin shatin. Na girma, na yi aure, na fara furfura, ban daina ba.

Damina uku da suka wuce wani ɓangare na rufin ya rufto, Allah ya kiyaye babu kowa a ciki. Jama'a suka ce a rushe a yi na bulo, kuma gaskiyarsu, rai ya fi gini. Ina Kano ina jinyar maiɗakina aka yi aikin. Na dawo na tarar da tsibin ƙasa, yara suna wasa a kai. Sabon masallacin ya yi kyau, ga tayil, ga fanka, ga lasifika har huɗu. Amma in wuta ta ɗauke sai ka ce a tanda kake salla, kuma bangon sumul yake, babu inda yatsa zai shiga.

Wanda ya tayar da maganar tafiya shi ne Sule, ɗan goggona, taubashina, wanda bakinsa ba ya shiru. Fataucin dabino yake yi, ya san hanyar arewa kamar hanyar gidansu. Ni yana kirana Malam Alli saboda koyarwa, ni kuma ina kiransa Tumbi, kuma duk wanda ya gan shi ba zai tambayi dalili ba. Wata rana ya zo ya zauna mini a tabarma ya ce, "Malam Alli, ka san na haɗu da wani tsoho a Agadas da ya san Kawu? Ina cewa daga Gaya nake sai ya ce, garin Isa mai yatsa tara? Ya ce tare suka yi yaɓen babban masallacinsu." Ban bari ya rufe baki ba na ce yaushe zai koma. Ya ce bayan kaka. Na ce da ni.

Kafin mu tashi na je Ajingi sallama da Inna, mahaifiyata. Baba ɗan Gaya ne, amma a Ajingi ya sami gona, can ya yi gida ya ajiye ta. Ni ana yaye ni aka kawo ni Gaya wurin kakata, kamar yadda ake yi wa ɗan fari. Inna kuwa mutuniyar da ce. Tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba, balle na Baba. Ina tsaye a gabanta sai ta dubi ƙanwata Hajara, wadda ke aure a maƙwabta, ta ce, "Ki tambayi wancan ko ya ci abinci." Ɗakinta kuwa iyakata bakin ƙofa, in durƙusa in gaishe ta in tashi.

Ɗakin nan shi ne rigimarmu da ita. Duk gidan mun mai da shi bulo, saura shi kaɗai, ya tsaya a tsakar gida baƙi ƙirin, an tokare masa baya da itace. Duk shekara sai ta sa a yaɓe mata waje, amma ciki ba ta yarda kowa ya taɓa. In muka ce a rushe sai ta ce siminti zafi gare shi. Bayan abin da ya faru da rufin masallaci hankalina ya ƙi kwanciya, ni da ƙannena muka sayi bulo muka jibge a ƙofar gida, muka tsayar da magana cewa ina dawowa za a fara, ko tana so ko ba ta so.

Na gaya wa Hajara za ni Agadas ziyarar kabarin Baba. Maganar hannu ban faɗa ba, kunya nake ji, ƙato da ni. Inna ta ji. Ta shiga ɗaki ta daɗe, ta fito da wani ƙulli a tsumma ta ajiye a gaban Hajara. "Daddawa ce," in ji ta. "In an sami waɗanda suka yi wa mutumin nan sutura, a ba su."

Daddawar nan ta ba ni wahala, Allah ya sani. Daga Gaya zuwa Wudil zuwa Kano lafiya lau, iska na shiga. Amma da muka shiga motar Damagaram, aka cusa mu huɗu a kujerar uku, rana ta take, sai ƙullin ya fara magana. Wata Hajiya da ke gabanmu ta toshe hanci da mayafi tana ta waige. Direba ya ce, "Jama'a, wa ya shigo mana da mushe?" Sule, maimakon ya rufa mini asiri, sai ya nuna ni da baki ya ce, "Malamin makaranta ne, turarensa ke nan." Motar ta kwashe da dariya. Na rungume jakata na yi kamar ba da ni ake ba, har muka wuce Daura.

A boda aka sauke mu. Ɓangarenmu ba a daɗe ba. Da muka tsallaka sai wani jandarma dogo, siriri, ya karɓi katin shaidata ya juya shi, ya dube ni sama da ƙasa, ya tambayi inda za ni, na ce Agadas. Agadas hanyar masu ƙetara hamada ce, shi ya sa duk wanda ya ambace ta sai an ƙara masa tambaya.

"Mushe," in ji shi, wato malam da Faransancinsu, "kai ma Libiya za ka da wannan furfurar?"

"A'a, ranka ya daɗe, masallaci zan je gani."

"Masallatan Kano sun ƙare ne?"

Ya zuge jakata, ya kwance ƙullin, warin ya buge shi. Na ce a raina shi ke nan, an ƙwace. Sai na ga ya sake kai hanci, ya lumshe ido. Ya ce kakarsa irin wannan take yi, ta ɗorawa zalla, yanzu duk an koma dunƙulen kanti. Ya ƙulle da hannunsa, ya mayar, ya ce mu sauka lafiya. Sule ya ce da ya sani da ita ya riƙa biyan hanya tun tuni.

A Damagaram muka kwana, gidan wani dillalin dabino mai saukar da Sule. Hausa ɗaya muke yi da su, amma kowa na jin ta ɗan'uwansa tana ba shi dariya. Da safe aka kawo burodi dogo kamar sanda, mai ɓawo, na gatsa sai da dasashina ya yi jini. Na ce a taimake ni da koko da ƙosai. Maigidan ya ce, "Ku mutanen Najeriya in ba ku ci mai ba ba ku karya ba." Amma furarsu, kai! Na sha fura a Ajingi tun ina yaro, ina kuma alfahari da ita, sai dai gaskiya ɗaya ce, nononsu ya fi namu.

Daga nan muka shiga babbar mota, su suna ce mata kar. Hanyar ba ta ƙarewa. Gonakin gero suka yi ta raguwa, itatuwa suka gajarce, bayan Tanut sai ƙaya da rairayi. Wani wuri kwalta, wani wuri sai dai direba ya bi sawun wanda ya riga shi. Taya ta fashe mana a inda babu ko inuwar tsuntsu. Lokacin azahar ya yi, na ɗauko jarkata na cika buta na tsuguna, na yi alwala irin ta gida, ina kwarara ruwa a ƙafa har ya yi gudu a ƙasa. Ina ɗagowa na ga mutane suna kallona. Wani tsohon Buzu, fuska a naɗe sai ido, ya zo ya tsaya a kan jiƙaƙƙen wurin yana girgiza kai. Shi da ruwan da bai fi kofin shayi ba ya yi tasa alwalar, kuma babu gaɓar da ya bari. Wasu taimama suka yi. Da yamma da jarkata ta ƙare, shi ne ya miƙo mini tasa. Na sha ina jin kunya har cikin ƙashina.

Hasumiyar muka fara hangowa kafin garin. Sule ya zungure ni ya ce, "Ga ta can." Ja ce, launin ƙasar wurin, faffaɗa a gindi, tana tsukewa har sama, itatuwa sun fito mata ta kowane gefe jere-jere. Babu fenti, babu gilashi, babu ado ko ɗaya. Ban san lokacin da na ce Allahu akbar ba. Na taɓa ganinta a hoton kalanda, amma hoto bai gaya mini cewa duk garin a ƙarƙashinta yake zaune ba.

Washegari da hantsi Sule ya kai ni gidan tsohon, a cikin tsohon gari, ta wasu lunguna da in ka saki mai ja maka gaba ka ɓata. Sunansa Baba Alhasan, daga zuriyar maginan garin. Ya tsufa tukuf, amma tafin hannunsa da ya ba ni kamar ɓawon kuka. Muka gaisa, aka hura gawayi, aka ɗora 'yar ƙaramar butar shayi. Aka zuba mini a kofi ɗan mitsitsi, ɗaci kamar maɗaci. Na shanye a kurɓi ɗaya, na ajiye, na gyara hula na ce, "To Baba, ko za mu je masallacin?" Sule ya taka mini ƙafa. Ashe shayinsu zagaye uku ne, kuma tashi bayan na farko kamar ka ce wa maigida ba ka son zamansa ne. Tsohon ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ɗan Isa ne, ba shakka. Shi ma haka ya yi mana ran farko."

Sai na zauna, kuma alhamdu lillahi da na zauna, don a tsakanin kofi na biyu da na uku na sami abin da ban taɓa samu ba. Ya ce Baba gajere ne, mai faɗin kafaɗa, mai saurin fushi da saurin hucewa. Ya ce kullum cikin ƙorafi yake wai ƙasarsu yashi ya yi mata yawa, ta Gaya ta fi danƙo. Ba ya cin cuku, busasshen nonon nan nasu, wai warin akuya yake. Yana aiki yana ƙananan waƙoƙi, muryar kuwa ba daɗi. Na ce, "Ya taɓa yi muku maganata?" Ya ce, "Bai taɓa faɗin sunanka ba, ka san halinku. Sai dai ya ce yaron nan da ke wurin tsohuwa. Ya saya maka takalmin fata ja, yana cikin kayansa lokacin da ya kwanta. Ban san ko ya isa ba." Ya isa. Na sa shi har ya matse ni, ban taɓa sanin daga hannun wa ya fito ba, ana dai ce mini tsarabar arewa ce.

Na ce ko ya san waɗanda suka yi masa sutura. Ya nuna ƙirjinsa. Na ciro ƙullin Inna na ajiye a gabansa na faɗi saƙonta. Ya kwance, ya daɗe yana kallo, sannan ya kira matarsa daga cikin gida ya ce ta zo ta karɓi saƙon matar Isa. Ranar miyar kukar da muka ci a gidan da daddawar Ajingi aka yi ta.

Bayan azahar ya kai mu masallacin, yana dogara sanda. Yana kusa da fadar sarkin garin. Ina sunkuyawa a ƙofar, sanyin nan da ƙanshin nan suka tare ni, wallahi sai na ji kamar an mayar da ni unguwarmu ina ɗan yaro. Rufin gajere ne, dogon mutum zai taɓa shi. Ginshiƙan kauri gare su, sun raba sahu-sahu, har wanda ke wannan sahu ba ya ganin na wancan sosai. Ba su yi bakan gizo mai tashi irin namu ba, itacen goriba suka shimfiɗa, shi ya sa ɗakunan suka zama tsukakku. Na gaya wa Baba Alhasan namu ya fi tsayi daga ciki. Ya ce, "Haka ubanka ya ce. Ina naku yanzu?"

Ya ce kakanninsu sun gaya musu wani bawan Allah ne ya fara gina shi, shekaru ɗaruruwa da suka wuce, lokacin da ayarin gishiri da na fatake ke haɗuwa a garin daga kowace kusurwa. Hasumiyar ta taɓa lalacewa aka sake tayar da ita. Ladan na hawa ya yi kira, masu gadi na hawa su hango mahara, ayarin da ya fito daga hamada kuma ita yake nema da ido. Itatuwan da suka fito a jikinta suna ɗaure ginin, kuma su ne matakalar magina in za a yi yaɓe.

Aka ba mu izinin hawa. Tsohon ya ce shi ya gama nasa hawan, zai jira mu a ƙasa. Matakalar a ciki take, tana zagayawa, duhu, ga jemagu suna shafar kunne. Tun ana tafiya a tsaye har aka koma sunkuye, har aka koma rarrafe. Can wajen sama na ji Sule a bayana yana nishi. "Malam Alli, tsaya. Na maƙale." Gaba ta ƙi, baya ta ƙi. Na ce ya saki numfashi ya tsuke cikin. Ya ce, "Ina zan kai shi?" Sai da ya tuɓe babbar riga ya koma da baya-baya yana salati. Ihun da ya yi da jemage ya faɗa masa a wuya shi ne asalin labarin aljanin da kuke ji, kuma ba ni aka mara ba. Ni kaɗai na ƙarasa. Daga sama garin duk ja ne, soraye a manne da juna, bayan su duwatsu, bayan duwatsu babu komai. Iska na neman cire mini hula. Na dudduba bangon da ke kusa da ni, duk shatin yatsu ne, ko'ina, amma huɗu-huɗu.

Da na sauko na ce, "Baba, nuna mini inda ya yi aiki." Ya zagaya da ni gefen gabas, ya ɗaga sanda ya nuna daga kafaɗar mutum zuwa jeri na biyu na itatuwan. "Nan duk shi ne. Ni ina miƙa masa ƙasa." Na matsa. Na bi bangon da ido, na bi shi da hannu, daga wannan kusurwa zuwa waccan. Na sa tabarau na sake bi. Layi huɗu, layi huɗu, layi huɗu.

"Ban gani ba, Baba."

"Me kake nema?"

Sai a lokacin na gaya masa. Na ba shi labarin alƙiblar masallacinmu da tsibin ƙasar da na tarar. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Ayya, ɗana. Ai an yaɓe a kai. In ruwa ya zo ya wanke, sai mu taru mu sake. Tun bayan ubanka an yi ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Da ba a yi ba, da ba ka tarar da komai a nan ba."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ci wuyar hanya, na sha warin daddawa, na ƙetare boda, a ce mini an yaɓe a kai? Na ce, "To a ɗan kankare mini, ko tafin hannu ɗaya ne. In gani in ɗauki hoto, a mayar. Zan biya ko nawa ne." Sule ya kama mini riga, na fizge.

Tsohon bai yi fushi ba. Ya ɗora tafinsa a bangon ya ce, "Wanda ke kan na ubanka, na ƙanena ne, shi ma ya rasu. Wanda ke kan nasa, na babban ɗana ne, ya tafi Libiya, har yau ba labari. Wanne zan kankare maka?"

Na tsuguna a gindin bangon, hawaye suka zo, na bar su. Tsohon ya ce, "Na ubanka yana ciki. Ba mu cire na kowa, a kai muke ɗorawa." Da na natsu ya kai mu maƙabarta a bayan gari, ya nuna wani yanki da sanda ya ce a nan wajen ne, kabarin kansa ya baje tuntuni. Muka yi addu'a. Washegari kafin mu tashi ya sa aka kai ni inda jikokinsa ke gyaran wata katanga ta harabar masallacin, ya ce in naɗe hannun riga. Na ɗebi ƙasa na shafa. Ta zame ta faɗo mini a ƙafa, yaran suka yi ta dariya. A karo na uku ta zauna. Ya dubi wurin ya ce aikin banza ne, amma a bar shi.

Dawowa ba ni da abin faɗi a kanta, ko Sule ya gaji da tsokanata ya ƙyale ni. Ban tsaya Gaya ba, na wuce Ajingi da ƙurar hanya a jikina. Bulon na nan jibge a ƙofar gida. Na durƙusa a bakin ƙofar Inna na gaishe ta, Hajara na zaune a tsakani, ni ina ba Hajara labari, Inna na tsinke zogale kamar ba ta ji. Na faɗi kabari, na faɗi Baba Alhasan, na ce daddawa ta isa hannun wanda ya yi wankan. Hannunta ya tsaya kaɗan, ya ci gaba. Daga nan ban san abin da ya kwance mini baki ba, na faɗi sauran: yatsu uku, alƙiblar Gaya, bangon da aka yaɓe. Na ce, "Hajara, na je ban samu ba. Yanzu babu inda ya rage a duniya."

Inna ta ajiye faifan. Sannan ta ce, "Hajara, ki ce wa wancan ya shigo ya ja mini kabad ɗin nan."

Ban taɓa wuce bakin ƙofar nan ba tun da na yi wayo. Na cire takalmi na shiga. Kabad ɗin kwanuka ne, tsoho, ya rufe bangon da ke kan gadonta, kuma Hajara ta ce kafin shi jeren tasoshi ne a wurin. Muka sauke kwanukan, muka ja shi da kyar. Hajara ta haska fitilar waya.

Tun daga ƙasa har inda hannu ke kaiwa, bangon duka. Layi biyu, giɓi, layi ɗaya. Layi biyu, giɓi, layi ɗaya. Ya bi su a lanƙwashe kamar gashin tsuntsu, irin adon da ake yi wa ɗakin amarya, kuma ko ɗaya bai goge ba. Na ɗaga hannu na zura yatsuna. Uku suka shige daidai, na zoben ya rasa wurin shiga ya zauna a kan tudun.

Ban san iya daɗewar da na yi a tsaye ba. Inna na waje, ta ba ɗakin baya, ta koma kan zogalenta. Can na ji ta ce, "Ki ce masa in ya gama a mayar mini da kayana yadda suke. Kuma tuwonsa na hucewa."

Bulon mun yi wa awaki garke da shi. Ranar asabar mai zuwa za a yi wa ɗakin yaɓen waje, na riga na sa an jiƙa makuba, kuma ni zan miƙa ƙasa.